Gane Sahihiyar Jimlar Musayar Sinadarai: Nasiha ga Ɗaliban Ƙasar Gazawa

Daga cikin tambayoyin da ɗalibin shimi, wato kimiyyar sinadarai, yake cin karo da su tun daga ƙarshen kwaleji har zuwa jarrabawar bakaloriya, akwai wadda ake jera masa jimloli uku ko huɗu a ce ya nuna wadda aka rubuta daidai, kuma abin da ɗalibai da yawa ke yi, a Gazawa da Agiye da Gidan Rumji kamar a ko'ina, shi ne su duƙufa ƙirga lambobin hagu da na dama, da zarar sun zo ɗaya sai su sa alama su wuce. Wannan ƙirga wajibi ce, amma ita ce mafi rauni cikin abubuwan da ke tabbatar da jimla, kuma a ƙarshe ya kamata ta zo. Jimlar daidaito, wadda ake kira ekwasiyo a aji, shaida ce da mai rubutu yake bayarwa cewa abu kaza da abu kaza sun gamu a cikin ruwa sun haifar da abu kaza, saboda haka ana iya samun wadda lambobinta suka daidaita tsaf alhali shaidar zur take bayarwa, ko don sinadaran da ta ambata babu su a duniya, ko don haɗuwar da take da'awa ba ta aukuwa.

Abin da masana shimi ke kira gishiri ya fi gishirin miya faɗi, domin ya haɗa da kanwa da alif da takin zamani iri-iri, kuma kowane ɗayansu ɓangare biyu ne da cajin lantarki ya ɗaure wuri guda. Kowane ɓangare sunansa ayon, wato ƙwayar zarra ko gungun ƙwayoyin zarra mai ɗauke da caji; wanda cajinsa na ƙari ne ana sa masa alamar + a kira shi katiyon, wanda nasa na ragi ne ana sa masa alamar − a kira shi aniyon. Idan gishiri ya narke a ruwa ɓangarorin nan sukan rabu kowa ya kama gabansa, bayanin da Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya kafa a 1887 kuma ya sami kyautar Nobel a kansa a 1903. To idan aka gauraya ruwan gishiri iri biyu a mazubi ɗaya, ayon iri huɗu ne ke yawo tare, kuma yana yiwuwa katiyon na farko ya kama aniyon na biyu, katiyon na biyu kuma ya koma ga aniyon na farko. Wannan shi ake kira musayar ɓangare biyu, kuma ana taƙaita siffarta da AB + CD → AD + CB, inda A da C suke katiyon, B da D kuma aniyon. Alamarta ita ce babu ayon ɗin da cajinsa ya sauya daga farko zuwa ƙarshe, abokin zama kawai kowa ya canza.

Kanwa ta isa misali, domin babu gidan da ba a san ta ba kuma babu kasuwar mako da ba a kasa ta. Kanwar kasuwa gauraye ce, a cikinta akwai sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet tare da gishirin miya da ƙasa, amma don sauƙin rubutu a ɗauki sodiyam kabonet kaɗai, Na₂CO₃. Idan aka zuba tataccen ruwansa a cikin ruwan da aka narkar da kalsiyam kuloraid, CaCl₂, ruwan da yake garau nan take sai ya yi fari ya duhunta, in aka ajiye shi ya natsu sai a ga farin gari ya kwanta a gindin kwalba ruwan sama kuma ya sake washewa. Daskararren abin da ke fita daga cikin ruwa ya kwanta haka shi ake kira gwiɓa, kuma a nan kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Sahihiyar jimlar ita ce:

Na₂CO₃ + CaCl₂ → CaCO₃ + 2NaCl

Giram 106 na sodiyam kabonet da giram 111 na kalsiyam kuloraid suna ba da giram 100 na gwiɓa da giram 117 na gishirin miya, wato 217 a hagu 217 a dama, kuma wannan ita ce ƙa'idar da Antoine Lavoisier ya shimfiɗa a littafinsa na 1789, cewa nauyin abin da ya shiga haɗuwa shi ne nauyin abin da ya fito. Ƙirgar da ɗalibi ke yi a takardar jarrabawa wannan ƙa'ida take karewa, kuma iyakar aikinta ke nan.

A dubi wannan jimla ta biyu, wadda irinta ce mai shirya tambaya ya fi son ya dasa a tsakiyar zaɓi: NaCO₃ + CaCl → CaCO₃ + NaCl. Sodiyam ɗaya ne a hagu ɗaya a dama, kalsiyam haka, kulorin haka, kabon da oksijin ma sun cika, ta fi ta farko kyan gani domin ba ta buƙatar ko lamba ɗaya a gaba, amma ƙarya ce tun daga harafinta na farko. Mangala takan zauna daram a bayan jaki ko gero ke cikinta ko yashi, daidaituwarta ba ta faɗin abin da aka ɗauko. Sodiyam cajin ƙari ɗaya gare shi, kabonet cajin ragi biyu, kuma gishiri ba ya tsayuwa sai ƙari da ragi sun kashe juna sarai, saboda haka dole sodiyam biyu su tsaya wa kabonet ɗaya. Kalsiyam kuma cajin ƙari biyu gare shi, sai kuloraid biyu ne za su biya shi. Babu NaCO₃ a cikin kowace kwalba, babu CaCl, kuma duk ƙirgar da aka gina a kansu kitso ne da ƙwarƙwata. Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya fara yi, tun kafin ya dubi kibiyar da ke tsakiyar jimla, shi ne ya ɗauki sinadaran huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta cajin kowane ayon a samansa da fensir, ya tabbatar jimillar cajin kowane sinadari sifiri ce.

A nan ne haddar da yaran ƙasar Hausa suka ƙware a kanta tun daga makarantar allo take da babban amfani, in an sa ta inda ya dace. Abin takaici shi ne a ga ɗalibi ya kwana yana haddace jimloli talatin daga littafin rubutunsa, ranar jarrabawa a kawo ta talatin da ɗaya ya rasa tudun dafawa, alhali ayon ɗin da ake ta juyawa a duk manhajar kimanin ashirin ne kacal. Sodiyam, potasiyam, azurfa da amoniyam, NH₄⁺, ƙari ɗaya ne. Kalsiyam, magniziyam, bariyam, tutiya, jan ƙarfe da dalma a mafi yawan tambayoyi ƙari biyu. Alminiyam ƙari uku. Baƙin ƙarfe kuwa wani lokaci biyu wani lokaci uku, shi ya sa ake bayyana shi da lambar Rumawa. A ɗaya gefen kuloraid, fuloraid, haidoroksaid OH⁻, naitiret NO₃⁻ da baikabonet HCO₃⁻ ragi ɗaya ne, salfet SO₄²⁻ da kabonet CO₃²⁻ ragi biyu, fosfet PO₄³⁻ ragi uku. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar a gaya masa cewa kalsiyam da fosfet za su haɗu a Ca₃(PO₄)₂, domin shida ita ce ƙaramar lambar da biyu da uku ke shiga, kalsiyam uku su kawo ƙari shida fosfet biyu su kawo ragi shida.

Akwai kuskure na kusa da wannan wanda ɗalibai masu ƙoƙari ma suke faɗawa, shi ne ɗauko ƙaramar lambar da ke gindin harafi daga hagu a kai ta dama, sai a rubuta Na₂Cl₂ don an ga Na₂ da Cl₂ a farkon jimla. Lambar gindi ta sinadarin ce, cajin ayon ɗinsa ne ya yanke ta, kuma mai rubutu ba shi da ikon taɓa ta; babbar lambar da ake sawa a gaba ita ce tasa, da ita yake faɗin yawan abin da ya shiga ko ya fito. Gishirin miya NaCl ne ko daga wace haɗuwa ya fito, in biyu ake buƙata sai a rubuta 2NaCl. Haka nan baka biyun da ake killace gungun ayon da su ba ado ba ne, domin Ca(OH)₂ na nufin oksijin biyu da haidurojin biyu, CaOH₂ kuwa oksijin ɗaya ke nan, wani abu dabam da ba shi ake nufi ba. Waɗannan haruffa da lambobi, da masanin shimi Berzelius ya fito da tsarinsu a 1813, harshe ne da ɗalibin Gangara da na Tokiyo suke karantawa iri ɗaya, kuma ba ya karɓar kusan daidai.

Tantance cewa jimlar ta musayar ɓangare biyu ce ba ya cin lokaci. Idan aka ga sinadari tilo tsaye shi kaɗai a wani gefe, kamar tutiya da haidurojin a Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂, to jimlar daidai take amma ta wani babi ce, domin tutiya ta shiga ba caji ta fito da ƙari biyu. Idan kuma aka ga katiyon biyu manne da juna a dama, irin Na₂Ca, an haɗa masu caji iri ɗaya waɗanda tunkuɗe juna suke yi, sai a wuce ba tare da ɓata minti ba.

Inda aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne jimlar da ta tsallake duk waɗannan, sinadaranta na gaskiya ne, an yi musaya yadda ya kamata, lambobi sun cika, amma in aka gwada ta a kwalba ba abin da zai faru. Misalinta NaCl + KNO₃ → NaNO₃ + KCl. Gishirin nan huɗu duk masu narkewa ne, saboda haka kafin gaurayawa ayon huɗu ne ke yawo a ruwa, bayan gaurayawa ma su ɗin ne dai ke yawo, babu wanda ya kama wani. Musaya ba ta tabbata sai wani abu ya fice daga cikin taron ayon ɗin, kuma mafita uku ce: ya daskare ya kwanta a matsayin gwiɓa, ko ya zama iska ya tashi, ko ya zama ruwa. Hanyar da ta fi tona asirin jimla ita ce a warware duk mai narkewa zuwa ayon ɗinsa, a soke waɗanda suka bayyana a gefe biyu ba tare da sauyi ba, waɗanda ake kira ƴan kallo, a ga abin da ya saura. A jimlar kanwa abin da ke saura shi ne Ca²⁺ + CO₃²⁻ → CaCO₃, kuma shi ne zuciyar haɗuwar. A jimlar gishirin miya da potasiyam naitiret kuwa komai sokewa yake yi har takarda ta koma fara. Don haka ne ƙananan alamomin da ake maƙalawa a bayan kowane sinadari, s na daskararre, g na iska, l na ruwa tsantsa da aq na narkakke, suke cikin abin da ake dubawa, domin jimlar da ta sa wa AgCl alamar narkakke ta musanta abin da ido ke gani, wato farar gwiɓar da ke fitowa idan azurfa naitiret ya gamu da gishirin miya, wadda kuma take yin baƙi in an bar ta a rana.

Sanin mai narkewa da marar narkewa shi ma ɗan abu ne. Gishirin sodiyam da potasiyam da amoniyam, da duk naitiret, suna narkewa. Kuloraid na narkewa ban da na azurfa da na dalma. Salfet na narkewa ban da na bariyam da na dalma, na kalsiyam kuma kaɗan yake narkewa. Kabonet da fosfet da haidoroksaid galibinsu ba sa narkewa sai in sodiyam ko potasiyam ko amoniyam ne abokin zamansu. Kada a ɗauki wannan a matsayin dokar aji kawai. Bariyam guba ne a jikin mutum, amma likitoci na ba majiyyaci bariyam salfet ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, saboda ba ya narkewa ko a cikin asid ɗin ciki, sai ya bi ya fita yadda ya shiga. Bariyam kabonet kuwa, wanda shi ma farin gari ne kuma ba ya narkewa a ruwan sha, asid ɗin ciki na narkar da shi ta hanyar BaCO₃ + 2HCl → BaCl₂ + H₂O + CO₂, kuma a 2003 mutane sun rasa rayukansu a Burazil bayan sun sha maganin ɗaukar hoto da ya gurɓata da shi.

Mafita ta biyu da ta uku, wato iska da ruwa, kullum ana ganinsu a madafi. Idan mai girki ta ɗiga ruwan kanwa a tukunyar yakuwa don ta kashe tsami, kumfa yakan taso ya yi ta ɓulɓula na ɗan lokaci sannan ya lafa, launin ganyen ya sauya, tsamin kuma ya ragu. Asid ɗin yakuwa ne ya ba kabonet haidurojin ɗinsa ya karɓi sodiyam. Da asid ɗin ciki ana rubuta irin wannan haɗuwa NaHCO₃ + HCl → NaCl + H₂O + CO₂, kuma ita ce dalilin gyatsar da mai ƙwarnafi ke yi in ya sha jiƙon kanwa. Musayar kanta H₂CO₃ take haifarwa, amma wannan asid ba ya jimawa, nan take yake rabewa ya zama ruwa da iskar kabon dayoksaid, saboda haka jimlar da ta tsaya a H₂CO₃ ta bar labari a tsakiya, kuma mafi yawan malamai cikakkiyar suke nema. Manoman aya da gero na Agiye da Caduwa da Gazawa su ma suna da ruwa da tsaki a wannan babi, domin takin da ke ɗauke da amoniyam, kamar DAP ko amoniyam salfet, in ya gamu da bas mai ƙarfi, wato kishiyar asid, yakan saki naitirojin ɗinsa a matsayin iskar amoniya: (NH₄)₂SO₄ + Ca(OH)₂ → CaSO₄ + 2NH₃ + 2H₂O. Tokar murhu ma bas ce, kuma wanda ya cuɗa ta da irin wannan taki a cikin danshi ya ji wari mai hawa kai yana tashi, to abin da ya saya da kuɗinsa ne ke bin iska. Ɗalibin da ya gane wannan jimla yana da abin da zai gaya wa mahaifinsa kafin shuka, cewa toka da takin su shiga gona a lokuta dabam-dabam.

Kibiyar da ke tsakiyar jimla ita ma tana da sharaɗi, kuma kanwa ce ta fara koya wa masana haka. Claude-Louis Berthollet, masanin shimi na Faransa da ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, ya ziyarci tafkunan kanwa na Wadi Natrun ya tarar da sodiyam kabonet ya daskare a bakin ruwan gishiri da ke kwance a kan farin dutse, sai ya fahimci cewa haɗuwar da ya sani a ɗakin gwaji tana tafiya da baya a can, gishirin miya mai yawan gaske da kalsiyam kabonet su ne ke haifar da kanwa. Daga nan ya gina ra'ayin da ya wallafa a 1803, cewa yawan abin da aka zuba da yanayin wurin suna da hannu a inda haɗuwa za ta karkata. Dokokin narkewa da ake koyarwa a aji suna magana ne a kan ruwa mai ɗan gishiri kaɗan a zafin ɗaki, kuma a wannan iyaka ɗalibi zai amsa tambayar jarrabawa, amma yana da kyau ya san cewa iyaka ce.

Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ba ta rasa komai da komai ba. Jiƙon kanwa da aka tace da tsumma mai tsabta, ruwan lemun tsami, ɗan alif, ɓawon ƙwai da kwalabe masu haske sun isa a ga kumfa a ga gwiɓa da ido, ruwan zoɓo kuma yana nuna asid da bas, domin ja yake zama a cikin tsami ya koma duhu mai ratsin kore in kanwa ta yi masa yawa. Ko sabulun da ya ƙi kumfa a ruwan wata rijiya ya bar farin dauɗa a gefen bokiti musaya ce, kalsiyam ɗin ruwan ne ya ƙwace gurbin sodiyam ɗin sabulu ya haifar da abin da ba ya narkewa. Ɗalibin da ya ga abu sau ɗaya sannan ya rubuta jimlarsa da wuya ya sake ruɗewa a kanta, gani ya kori ji. Abin da ba za a taɓa ba sai malami na tsaye shi ne ruwan batir, wanda asid ɗin salfurik ne, da sodar da mata masu yin sabulu ke aiki da ita; jimlarsu, H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O, a takarda lafiya lau take, gishiri da ruwa kawai ta nuna, ba ta faɗi zafin da ke tashi ba ballantana abin da ɗigo ɗaya ke yi wa ido.

Wannan ya kawo magana ga abin da sahihiyar jimla ma ba ta faɗa, kuma babu inda ya fi cancanta a yi wannan magana kamar gundumar Gidan Rumji. A Tibiri, bayan an fara shan ruwan rijiyoyin burtsatse masu zurfi da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980, yaran da suka taso a kan wannan ruwa sun fara fitowa da haƙora masu tsatsa, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe har wasu suka nakasa, kuma da aka auna sai aka tarar fuloraid ɗin da ke cikin ruwan ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita, fiye da sau uku. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Fuloraid ba shi da launi ko wari ko ɗanɗano a wannan adadi, tafasa ruwa ba ta kore shi sai ma ta ƙara tattara shi, kuma abin da yake yi a jiki musaya ce, yana ture haidoroksaid daga sinadarin da ƙashi da haƙori suka ginu a kansa ya zauna a gurbinsa. Ɗan kaɗan yana ƙarfafa haƙori, mai yawa a jikin yaro mai girma shi ne abin da aka gani a Tibiri. Yadda yake shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa ma, a wurare da yawa na duniya, musaya ce: ruwa mai yawan sodiyam baikabonet yana janye kalsiyam daga dutsen da ke riƙe da fuloraid ya bar shi sake, CaF₂ + 2NaHCO₃ → CaCO₃ + 2NaF + H₂O + CO₂, shi ya sa ruwa mai yawan fuloraid galibi yake da ƙarancin kalsiyam.

Ɗalibi mai kaifin basira da ya ji wannan zai yi saurin rubuta magani, ya ce a zuba kalsiyam kuloraid, CaCl₂ + 2NaF → CaF₂ + 2NaCl, fuloraid ya kwanta a tace a sha. Jimlar ba ta da aibi ko ɗaya, caji ya cika, musaya ta yi, CaF₂ yana cikin marasa narkewa, lambobi sun daidaita, kuma a jarrabawa cikakken maki za ta ci. Sai dai abin da littafi ke kira marar narkewa yana narkewa kaɗan, kuma kaɗan ɗin kalsiyam fuloraid kimanin miligiram 16 ne a lita, wanda ke barin fuloraid wajen miligiram 8 a cikin ruwa, fiye da ninki biyar na iyakar lafiya. Ruwan da ke ɗauke da miligiram 5 ko 6, in aka zuba masa kalsiyam daidai gwargwadon da jimla ta faɗa, ko duhuntawa ba zai yi ba, mutum ya tace ya sha yana zaton ya tsira. Jimla tana faɗin wa ya kama wa da kuma rabon da ke tsakaninsu, amma yawan abin da ya rage a cikin ruwa da tsawon lokacin da haɗuwar ke ɗauka lissafi ne na dabam da ke zuwa a babin daidaiton narkewa, kuma wanda ya tsallake wannan babi don ba a cika kawo shi a jarrabawa ba ya tsallake wurin da lafiyar mutane take.

Hanyar da aka fi sani ta rage fuloraid da araha an tsara ta a Indiya a shekarun 1970, ana kiranta da sunan gundumar Nalgonda inda irin wannan cuta ta yi tsanani, kuma da alminiyam salfet take aiki, ɗan'uwan alif ɗin da ake jefawa a randa don ruwan gulbi ya kwanta, tare da kalsiyam haidoroksaid, wato ƙonannen farin dutse da aka kashe da ruwa: Al₂(SO₄)₃ + 3Ca(OH)₂ → 2Al(OH)₃ + 3CaSO₄. Wannan jimla ta dace da gwajin kai, domin duk abin da aka ambata yana cikinta, alminiyam biyu masu ƙari uku-uku sun biya salfet uku masu ragi biyu-biyu, haidoroksaid shida a hagu shida a dama, gwiɓar kuma ita ce Al(OH)₃, wani farin abu mai yauƙi da ke taruwa curi-curi yana nitsewa a hankali. Abin lura shi ne babu fuloraid ko ɗaya a cikin jimlar, domin ba musaya ce ke cire shi kai tsaye ba, mannewa yake yi a jikin curin ya nitse tare da shi, kamar yadda ƙurar ruwan Gulbin Maraɗi ke bin alif zuwa gindin randa. Gawayin ƙashi ma ana amfani da shi a wasu ƙasashe, yana kama fuloraid ta hanyar da ƙashin mai rai ke kama shi. Ko wace hanya aka bi, yawan abin da za a zuba ya dogara ga awon ruwan wannan rijiya ta musamman, alif in ya yi yawa yakan bar alminiyam da tsami a ruwa, in ya yi kaɗan fuloraid na nan, saboda haka aikin na mai na'urar awo ne a ɗakin bincike, kafin a buɗe famfo da kuma lokaci-lokaci bayan an buɗe. Jami'ar Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin shimi haifaffen Maraɗi da ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi ta Nijar, tana da tsangayar kimiyya da fasaha ƴan kilomita kaɗan daga Tibiri, kuma rijiyoyin burtsatse da ake ci gaba da haƙawa a Cadakori da Gidan Sori da Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da su kowace ɗaya tana buƙatar wanda zai auna ruwanta ya rubuta sakamakon da miligiram a lita.